Bakin Shugaban Ƙasa a Kunnen Mutumin Fachi: Sharhi a kan Hausar Fassara Jawaban Mulki

1. Gabatarwa

Ran 27 ga Janairu 1996 sojoji, a ƙarƙashin Kanar Ibrahim Bare Mainasara, suka kawo ƙarshen Jamhuriya ta Uku ta Nijar, bayan kusan shekara guda ana jayayya tsakanin Shugaban Ƙasa Mahamane Usman da Firaminista Hama Amadu a kan wanda ke da ikon zartarwa. Masana shari'a da masana tarihi sun tattauna wannan rikici ta fuskar ayoyin kundin tsarin mulki da ta fuskar jam'iyyu. Mu a nan ta fuskar harshe za mu dube shi.

Abin da muke son nunawa shi ne: a duk tsarin da gwamnati ke dogara da rinjaye a majalisar dokoki, babban abin da ya rage wa shugaban ƙasa shi ne bakinsa. A ƙasar da mafi yawan jama'a ba su jin Faransanci kuwa, nauyin wannan baki yana hannun mai fassara. Hausar da aka saba fassara jawaban mulki da ita an gina ta a zamanin mulkin mutum ɗaya, saboda haka takan mayar da fata da shawara su zama umarni, ta komar wa shugaba da ikon da kundi ya riga ya karɓe masa. Mun ɗauki garin Fachi ya zama ma'auninmu, domin fassarar da ta kai can da ma'anarta cikakkiya, to, ta kai ko'ina.

2. Dalilin zaɓen Fachi

Fachi, wanda Barebari ke kira Agram, dausayi ne a tsakiyar Tenere, cikin gundumar Bilma ta jihar Agadas. Mutanensa ƴan dubbai kaɗan ne, akasarinsu Barebari, kuma abincinsu ya rataya a kan gishiri da dabino. Bayan damina ayarin raƙuman Abzinawa yakan ratso sahara ya kawo hatsi, ya ɗauki kantun gishiri da dabino ya nufi kasuwannin ƙasar Hausa. Masanin nan Bajamushen harshe, Peter Fuchs, ya yi shekaru yana nazarin garin, ya kuma nuna yadda rayuwarsa ta dogara da wannan musaya. Barbarci ne harshen gida, amma Hausa ce harshen ciniki da baƙi, ita ce kuma take shigowa ta rediyo daga Muryar Sahel ta Yamai, da Kaduna, da sashen Hausa na BBC wanda ya fara aiki tun 1957.

A shekarun da muke magana a kansu mutumin Fachi ba ya ganin jaridar gwamnati da ake buga dokoki a cikinta, ba ya zama a zauren majalisa, ba ya kuma jin muryar shugaba sai ta bakin wani. Duk da haka ƙuri'arsa tana da nauyi. Cikin kujeru 83 na majalisar Jamhuriya ta Uku, 8 na mazaɓu na musamman ne, kuma Bilma tana cikinsu. A zaɓen 12 ga Janairu 1995 ƴan adawa sun sami kujeru 43, magoya bayan shugaban ƙasa suka sami 40. Da kujeru biyu kawai sun sauya hannu, da rinjaye ya juya, da kuma wata gwamnati daban aka kafa. Wanda ya jefa ƙuri'a a Fachi a wannan rana yana cikin masu zaɓen wanda zai riƙe baitulmali da ma'aikatu. Tambayar ita ce ko harshen da ake yi masa bayani da shi ya taɓa gaya masa haka.

3. Kunnen da aka riga aka horar

Daga 1960 zuwa 1974 Diori Hamani ya haɗa shugabancin ƙasa da na gwamnati, ga jam'iyya ɗaya tilo. Daga 1974 zuwa 1987 Janar Saini Kunce ya yi mulki ba tare da majalisar dokoki ba, kuma tarukansa da manyan ma'aikata, inda yakan tsawata musu a bainar jama'a, sun shahara. A waɗannan shekaru, in shugaba ya yi magana daren 3 ga Agusta ko na 18 ga Disamba, abin da ya faɗa shi ne abin da za a yi. Mai fassarar da ya ce «shugaban ƙasa ya ba da umarni» bai yi kuskure ba, ko da kuwa kalmar Faransancin ta fi haka laushi.

Muƙamin firaminista ma a cikin wannan yanayi kunne ya saba da shi. Kunce ya naɗa Mamman Umaru a farkon 1983, kafin shekarar ta ƙare ya maye gurbinsa da Hamid Algabid. Wanda ya ga haka ba zai iya fahimtar firaminista ba sai a matsayin waziri, wato babban bafaden da sarki ke ɗagawa in ya so, ya sauke in ya ga dama.

Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya juya wannan tsari. An bar wa Janar Ali Shaibu kujerar shugaban ƙasa, aka miƙa ikon zartarwa ga Firaminista Amadu Shefu. Abin lura a nan shi ne jam'iyyu sun yi wa kansu sunaye da harsunan ƙasa, har jama'a suka san su da Rahama, da Nasara, da Tarayya, da Zaman Lahiya. Amma muƙaman da waɗannan jam'iyyu ke takara a kansu, da dangantakar da ke tsakanin muƙaman, an bar su da tsofaffin kalmominsu.

4. Abin da ya rage wa shugaba

Kundin da aka amince da shi ran 26 ga Disamba 1992 ya bi sawun na Faransa na 1958. Jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, shi ke naɗa firaminista, shi ke shugabantar taron majalisar ministoci, yana kuma iya rushe majalisar dokoki. Amma gwamnati ce ke tafiyar da siyasar ƙasa, kuma majalisar dokoki na iya kayar da ita. Muddin rinjayen majalisa na tare da shugaba, ba a ganin wannan rabo sosai. Da zarar rinjaye ya kuɓuce masa, sai ƙasa ta koma tafiya kamar jamhuriyar da majalisa ke mulki.

Haka kuwa aka yi. A watan Satumba 1994 Mahamadu Isufu ya ajiye muƙamin firaminista bayan shugaba ya rage masa iko, jam'iyyarsa ta Tarayya ta koma gefen Nasara. Majalisa ta kayar da gwamnatin Sule Abdullahi a watan Oktoba, shugaba ya rushe majalisa, aka sake zaɓe, bai sami rinjaye ba. A watan Fabrairu 1995 ya naɗa Amadu Sise, wanda masu rinjaye ba shi suka gabatar ba. Cikin mako biyu majalisa ta kayar da shi, dole aka naɗa Hama Amadu.

Daga nan makaman shugaba suka koma na magana: jawabi ga ƴan ƙasa, sanarwar fadarsa, sa hannu ko ƙin sa hannu, kiran taro ko ƙin kiransa. Tun daga watan Afrilu 1995 aka shiga takaddama a kan zaman majalisar ministoci, shugaba yana ƙin halarta, gwamnati kuma tana sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma a wannan shekara shirun shugaba ya tsayar da ayyuka fiye da jawabansa. Ke nan, fassarar abin da ya faɗa da bayanin abin da ya ƙi faɗa sun zama wani ɓangare na mulkin kansa.

5. Wurare huɗu da fassara ke ƙara wa magana nauyi

5.1 «Ya ce a…»

Mu dubi jumloli uku da muka tsara bisa ƙirar da aka saba ji a jawaban shugabanni:

(1) Je souhaite que la route soit rouverte.
(2) J'invite le gouvernement à rouvrir la route.
(3) J'ai donné instruction au gouvernement de rouvrir la route.

Ta farko fata ce, ta biyu kira ne, ta uku umarni. Mai fassarar da lokaci ya ƙure masa yakan tara su duka a jumla ɗaya:

(4) Shugaban ƙasa ya ce a buɗe hanya.

A nahawun Hausa, in aikatau «ce» ya zo kafin sigar umartau, ma'anar da ke fitowa ita ce umarni, kamar a «malam ya ce a tashi». In mai maganar babba ne, ba sauran wata fahimta. Jumla ta (4) daidai take da (3) kaɗai. A lokacin da shugaba ba shi da rinjaye kuwa, (1) da (2) su ne iyakar abin da yake iya faɗa a kan aikin da ke hannun gwamnati.

Ga mutumin Fachi wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Tawayen arewa na farkon shekarun 1990 ya sa hanyoyin jihar Agadas cikin haɗari, kuma yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 an sa mata hannu ne ana tsakiyar wannan rabuwar kai a Yamai. Wanda ya ji an ce «shugaba ya ce a yi», ya jira bai ga an yi ba, ɗayan biyu zai ɗauka: ko shugaba ya yi ƙarya, ko firaminista ya yi masa tawaye. Ba zai kawo a ransa cewa tun asali fata aka yi ba.

5.2 «Naɗa»

Kalmar «nommer» an saba fassara ta da «naɗa». Asalin naɗi shi ne naɗin rawani, kuma a al'adar sarauta wanda ya naɗa shi ke tuɓewa. Kalmar tana ɗauke da wannan iko na biyu ko da mai fassara bai nufe shi ba. Amma abin da ya sami Amadu Sise ya nuna cewa naɗin shugaba bai isa ya tsayar da firaminista ba, zaman Hama Amadu har ranar juyin mulki kuma ya nuna cewa ƙin shugaba bai isa ya kawar da shi ba. A wannan tsari hannu ɗaya ke naɗawa, wani hannun ke riƙewa ko ya saki. Kalmar «fada» da ake kiran mazaunin shugaba da ita tana ƙara ƙarfafa wannan hoto na sarki da bayinsa.

5.3 «Doka»

Faransancin mulki ya bambanta «loi», wadda majalisar dokoki ke yi, da «ordonnance», da «décret» wanda ɓangaren zartarwa ke fitarwa, da «arrêté» na minista ko gwamna. A Hausar yau da kullum duka «doka» ce. Rikicin 1995 kuwa mafi yawansa a kan wannan bambanci ya tsaya: wace takarda ce sai an zauna majalisar ministoci kafin ta fita, wace ce sai shugaba ya sa hannu, wace ce firaminista ke iya fitarwa shi kaɗai. In aka ce «shugaba ya ƙi sa hannu a kan doka», mai saurare ba zai gane ko nufin wakilansa aka tare ba, ko kuwa naɗin wani darekta aka jinkirta.

5.4 «An»

Hausa tana da hanya mai sauƙi ta ɓoye mai aiki: an rushe, an naɗa, an kori, an dakatar. A zamanin mulkin mutum ɗaya babu asara a cikin wannan, domin kowa ya san wanda «an» ke nufi. A tsarin da iko ya rabu, sanin mai aikin shi ne labarin gaba ɗaya. «An kayar da gwamnati» da «an rushe majalisa» sun yi kama a kunne, alhali na farko aikin ƴan majalisa ne a kan ɓangaren zartarwa, na biyu aikin shugaba ne a kan ƴan majalisa. A watan Oktoba 1994 an yi su biyun a jere, kuma wanda bai ji sunan mai kowane aiki ba zai ɗora su duka a kan mutum ɗaya.

6. Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Maƙwabciyarmu Nijeriya ta yi jamhuriyar majalisa tsantsa daga 1 ga Oktoba 1963 zuwa 15 ga Janairu 1966, Dakta Nnamdi Azikiwe yana shugaban ƙasa, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yana firaminista. A watan Disamba 1964, gab da zaɓen tarayya, Azikiwe ya yi jawabi ta rediyo yana gargaɗin cewa ƙasar na iya wargajewa. Bayan zaɓen 30 ga Disamba, wanda ƙawancen UPGA ya ƙaurace wa, ya yi kwanaki bai kira kowa ya kafa gwamnati ba. Shugabannin soja da na ƴan sanda suka nuna masa cewa daga firaminista suke karɓar umarni, ran 4 ga Janairu 1965 ya kira Tafawa Ɓalewa. Maganarsa da shirunsa sun girgiza ƙasa, sun kuma taimaka aka yi alkawarin gwamnati mai faɗi, amma ba su zama umarni ba.

A Faransa, ran 14 ga Yuli 1986, Shugaba François Mitterrand, wanda rinjayen majalisa ke hannun abokan hamayyarsa, ya faɗa a hira ta talabijin cewa ba zai sa hannu a kan takardar sayar da kamfanonin gwamnati ba. Firaminista Jacques Chirac ya mayar da batun gaban majalisa, aka yi shi ta hanyar «loi». Jama'ar da ta saurari wannan hira tana da kalmomin da za ta gane cewa shugaba ya jinkirta abu ne, bai hana shi ba.

Tun da Nijeriya ta koma tsarin shugaba mai zartarwa a 1979, Hausar gidajen rediyonta ta zauna a kan lafazi biyu: «shugaba mai cikakken iko» da kishiyarsa, shugaban «jeka-na-yi-ka». Mai saurare a Nijar yana jin su kullum. Shugaban Jamhuriya ta Uku kuwa ba ya cikin ko ɗaya, kuma matsayin da ke tsakanin biyun shi ne har yanzu ba shi da tsayayyen suna.

7. Wata suka da amsarta

Mai karatu na iya cewa waɗanda suka yi rikicin 1995 duk sun ƙware a Faransanci, sun san bambancin «loi» da «décret» sarai, kuma abin da ya raba su muƙamai ne da buƙatun jam'iyya. Wannan gaskiya ne, ba mu kuma cewa fassara ce ta kawo juyin mulki. Abin da muke cewa ya fi haka ƙanƙanta. Kowane ɓangare ya nemi jama'a ta ba shi gaskiya, jama'a kuwa da harshen da aka ba ta take yin hukunci. In harshen bai san komai ba sai sarki da waziri, to, duk saɓani tsakanin shugaba da firaminista zai zama ko rashin biyayya ko raunin sarauta, kuma maganin duka biyun a wannan tunani shi ne a sami mai ƙarfi ya raba gardama. Juyin mulkin bai gamu da babbar turjiya daga jama'a ba, kundin 12 ga Mayu 1996 kuma ya tattara iko a hannun shugaba. Da aka komo ga raba iko a kundin 1999 da na 2010, an komo ne da kalmomin da aka bari.

8. Shawarwari ga masu tsara yaƙi da jahilci

Na farko, a koya wa masu fassara su ware aikatau na rahoto gwargwadon nauyinsu: ya yi fata, ya ba da shawara, ya yi kira ga, ya nemi, ya gargaɗi, ya umarci. Kada a yi amfani da «ya ce a» sai inda mai maganar yake da ikon umartar wanda ake magana a kansa.

Na biyu, a daina barin «doka» ita kaɗai. Ko ba a ƙirƙiro sabuwar kalma ba, ana iya cewa dokar majalisa, da dokar zartarwa, da umarnin minista, a kuma tsaya a kansu cikin littattafan karatun manya da labaran rediyo baki ɗaya.

Na uku, a labarin mulki a ambaci mai aiki da sunan muƙaminsa, a bar «an» ga abin da ba a san mai yinsa ba.

Na huɗu, a nemi kalmomi a wajen fada. Hausa ba ta rasa harshen rabon iko ba. A ayarin fatake akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, kowa da aikinsa, kuma madugu ba shi ne mai kayan da ke bisa dabbobi ba. A kasuwa akwai dillali, da mai lamuni, da amana. Kalmar «garant» da kundi ke siffanta shugaba da ita ta fi kusa da mai lamuni a kan uban ƙasa, kuma mutumin da ya ba da gishirinsa bashi har ayari ya komo baɗi ya san abin da lamuni ke nufi fiye da kowa.

Na biyar, a gwada kowace kalma a wurin da Hausa take harshe na biyu. A karanta wa masu koyon karatu a Fachi ko Bilma jumlar da aka fassara, a tambaye su wa zai yi aikin, wa kuma za a tuhuma in ba a yi ba. Amsarsu ita za ta nuna ko fassarar ta yi. Abin da aka daidaita a Hausa kuma a daidaita shi da Barbarci, da Tamajak, da Tubanci, don kada gari ɗaya ya ji tsarin mulki iri uku.

9. Kammalawa

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita mana yadda za a rubuta Hausa. Yadda za a faɗi mulki da ita shi ne aikin da ya rage. An dakatar da kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko wane irin tsari ƙasa ta zaɓa nan gaba, akwai ranar da za a karanta wa jama'a shi da Hausa, kuma a ranar kalmomin da muka tanada su za a ɗauka. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kafin a kai ga wannan rana ya kamata masana harshe, da masana shari'a, da masu fassara na rediyo su zauna tare su fitar da ƙamus na kalmomin mulki, su kuma kai shi Fachi a gwada.